Rumfar Dutse

Ɗaki gina shi ake yi, rumfa kuwa kafa ta ake yi. Mai ɗaki sai ya haƙa harsashi, ya kwaɓa ƙasa, ya jira tubali ya bushe, ya sa ƙyaure da sakata, domin nufinsa ya yanki wani ɓangare na duniya ya ce nan nawa ne. Mai rumfa dirka huɗu yake nema, ya gitta itace a sama, ya shimfiɗa kara ko zana ko tsohon kwano, kafin la'asar ya gama. Ba ta da ƙofa, don haka ba a neman iznin shigarta. Wanda rana ta koro ya raɓa, wanda hadari ya ritsa da shi a hanya ya fake, in ya huta ya ƙara gaba, ba mai tambayarsa ɗan gidan wane ne.

Bi kalmar cikin gari ka ga wuraren da take zama. Ga rumfar kasuwa, wadda ɗa ke gada wurin uba har wani lokaci a kai ga alƙali a kanta. Ga rumfar mahauta, ga ta maƙera inda 'yan hira suka fi masu sayen lauje yawa, ga ta mai shayi da ke cika tun kafin gari ya waye. Rumfar da aka hayo aka kafa a ƙofar gida ranar ɗaurin aure, ita ce dai za a sake hayowa ranar zaman makoki, kujerun ma su ne. Zamani ya zo da rumfar zaɓe, kuma ko a cikin ajin makaranta aka ajiye akwatin, sunan bai sauya ba. Abu ɗaya ya haɗa su duka: ba a kwana a cikinsu. Kowa da ka gani a ƙarƙashin rumfa yana da wani wurin da zai koma.

Kirarinta ma na haƙuri ne, rumfa sha shirgi. Harawa a kanta, tsohuwar tabarma a kanta, kuɓewar da ake shanya a kanta, duk abin da aka rasa inda za a sa sai a cilla mata, ita kuwa ba ta cewa uffan. Shi ya sa ake kiran babban gida mai ɗaukar nauyin dangi da wannan suna. Da tsofaffi suka so su faɗi ƙarancin zaman duniya kuma, ita suka sake ɗaukowa, suka ce duniya rumfar kara. Abin da ke ɗaukar nauyin kowa, shi ne kuma abin da ba a sa ran zai ga damina uku.

Wasu tsofaffin hotuna ne suka sa kalmar nan ta ƙi barina. Hotunan wata ƙaramar tashar jirgin ƙasa ce a Amurka, tashar Auburndale, a garin Newton na jihar Massachusetts, kimanin kilomita 16 yamma da birnin Boston. A 1881 aka gina ta. Duk wanda ya ɗauki hoton, rufin zai fara gani, kuma a kan rufin idonsa zai daɗe. Ya gangaro ta kowace fuska, ya zarce bango da nisa, ya miƙe yana bin layin dogo a kan ginshiƙan katako, har ka ce ginin da ke ƙasa an ajiye shi ne don kawai ya tallafi rufin. Na nemi sunan da zan kira ta da shi, ban sami wanda ya zauna ba sai rumfa. Sai dai ita da dutse aka yi ta, irin dutsen da ake gina majami'u da kotuna da shi, kuma wanda ya zana ta, Henry Hobson Richardson, babu mai zanen gini da ya kai shi suna a Amurka a zamaninsa.

Sai an san waɗanda aka yi wa ita kafin a gane ta. A wajenmu jirgin ƙasa abin doguwar tafiya ne. Dogo ya iso Kano a 1911, ya riƙa kwasar gyaɗa da auduga da fatu zuwa bakin teku, mai hawansa kuma sai ya ɗaure guzuri, ya yi sallama da dangi, a rako shi tasha. Mutumin Auburndale ba irin wannan matafiyi ba ne. A Newton yake kwana, a Boston yake neman abinci. Dogon da ya tashi daga Boston zuwa Worcester ya iso Newton tun 1834, kuma ba a daɗe ba kamfanin ya gane akwai riba a sayar da tikiti mai rangwame na tsawon watanni ga masu zirga-zirgar kullum. 'Yan kasuwa da lauyoyi da akawuna suka fara sayen filaye a bakin dogo, suna guje wa hayaƙi da cunkoson birni, suna gina gidaje masu lambu. Da safe jirgi ya kwashe su, da yamma ya dawo da su. Masu aiki a Abuja da suka bar iyali a Kaduna sun ɗan ɗanɗana wannan rayuwa tun da aka buɗe layinsu a 2016, ko da yake yawancinsu mako-mako suke yi.

Irin wannan fasinja ba ya neman masauki a tasha, ba ya neman abinci, ba shi da kayan da za a auna. Buƙatarsa 'yar kaɗan ce, amma kullum tana nan: inda zai tsaya na minti goma, yau da gobe da jibi, wataƙila har ya yi furfura. Kuma sararin Massachusetts ba ya wasa. Da hunturu dusar ƙanƙara ce ke zuba, iska mai yankan kunne na tasowa daga teku, rana ta faɗi tun ƙarfe huɗu da 'yan mintuna. Kan jirgin lokacin kwal yake ci, yana tafe yana watsa toka da tartsatsi. Yawancin ƙananan tashoshi na katako ne, kuma katako da tartsatsi ba su daɗe suna maƙwabtaka.

Kamfanin dogo na Boston da Albany, wanda aka kafa a 1867 bayan haɗe wasu kamfanoni, shi ya ɗauki aniyar sake tashoshinsa. Mutum biyu daga cikin shugabanninsa ne suka ja ragamar. Ɗaya James Rumrill, abokin Richardson tun suna ɗalibai a Harvard. Ɗayan Charles Sprague Sargent, masanin itatuwa, wanda ya shugabanci gandun nazarin itatuwa na Arnold daga 1873 har rasuwarsa a 1927, kuma maƙwabcin Richardson ne a Brookline. Nan Brookline ɗin ne Frederick Law Olmsted, wanda ya tsara babban lambun Central Park na New York tare da Calvert Vaux, ya koma da zama a 1883. Abota da maƙwabtaka ne suka haifi aikin, kuma ban ga abin ɓoyewa a nan ba. Sau da yawa sanayya ce ke kai kwangila hannun da bai dace ba. Wannan karon ta kai ta hannun da ya fi kowane dacewa.

An haifi Richardson a 1838 a wata gonar rake a Louisiana, zamanin da bayi ke noma irin waɗannan gonaki. Ya yi karatun zanen gini a Paris, a makarantar da ta fi kowace suna a wannan fanni, shi ne Ba'amurke na biyu da ya shige ta. Majami'ar Trinity da ya gina a Boston, wadda aka buɗe a 1877, ita ta ɗaga shi. A 1885 wata mujallar masu zanen gini ta nemi ma'abota sana'ar su zaɓi gine-gine goma mafi kyau a ƙasar, biyar daga ciki suka fito nasa. Mutum mai wannan matsayi zai iya cewa tashar ƙauye ta yi masa ƙanƙanta, ya miƙa wa yaran ofishinsa ya manta. Abin da ya fito daga ofishin ya nuna an zauna an yi tunani a kan wata tambaya da ba a cika yi ba: mutumin da ke tsaye yana jiran jirgi, me jikinsa yake so?

Amsar tana cikin ginin. Dogo ne, gajere a tsayi, hawa ɗaya, ya kwanta a ƙasa yana bin miƙewar layin. Bangon na dutse ne mai haske, ba a goge fuskarsa ba, an bar shi da kaushinsa yadda guduma ta fasa shi, an zagaye tagogi da ƙofofi da wani jan dutse mai duhu da ake haƙowa a Longmeadow. Babu hasumiya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a lokacin mai ginin tasha yakan so ya ɗaga wani abu sama, ya yi masa ado da tsini da zayyana, a hango shi daga nesa a san kamfani na da kuɗi. Richardson ya danne komai ƙasa. Ya jera tagogi dab da leɓen rufi, inda inuwa ta fi kauri. Ta gefen titi rufin ya fito ya yi wa keken doki mazauni, yadda wanda aka kawo zai sauka ba tare da ɗigon ruwa ya taɓa shi ba. Ya shiga, ya yanki tikiti a ɗan ofishin da ke tsakanin ɗakunan jira biyu, na maza da na mata, ya fita ta ɗaya gefen, har yanzu yana ƙarƙashin rufi guda, ya taka zuwa bakin tarago. Daga ƙafar doki zuwa ƙafar jirgi, sama a rufe take.

Masana tarihin gini sukan ce akwai ƙamshin gine-ginen Japan a waɗannan rufuna masu faɗin fiffike, kuma lallai a shekarun nan masu ilimin Boston sun kamu da son kayan fasahar Japan. Ba na musu. Amma ina ganin ko bai taɓa ganin hoton haikalin Japan ba, da ya iso nan, domin duk wanda ya sa tsayuwar mutum a gaba ya fara zane daga kanta, a faɗin rufi zai ƙare. Katanga mai kaya take karewa. Rufi kowa yake karewa, har wanda bai da ko sisi a aljihu ya raɓo don ruwa ya ɗauke.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sunan Richardson ake kira, amma kamfanin 'yan'uwan Norcross na Worcester ne ya gina yawancin abin da ya zana, kuma a bayansu akwai masu fasa dutse a ramuka, da masu sassaƙa, da kafintoci, da yawansu baƙi ne da suka ƙetaro teku daga Turai neman abin kai wa baki. Bangon da ake yabo saboda kaushinsa, kowane dutse a cikinsa wani ne ya juya shi, ya duba fuskarsa, ya daidaita shi da na kusa. Wannan kaushin da ke kama da sakaci ya fi sulɓi wuyar samu.

Akwai jira iri-iri. Akwai jiran gawon shanu, wanda mai yinsa bai san ranar ƙarewarsa ba. Akwai jiran manomi ga ruwan farko, da jiran mai ciki, da jiran mai ƙara a ƙofar alƙali. Jiran jirgin unguwa daban yake, domin an rubuta ƙarshensa a takarda an manna a bango. Shekara biyu bayan gina Auburndale, ranar 18 ga Nuwamba 1883, kamfanonin dogo na Amurka suka daidaita agogunansu, suka raba ƙasar shiyya-shiyya, kowace da lokacinta. Kafin nan kowane gari da tsakar ranarsa, gwargwadon inda rana ta tsaya a kansa. Daga ranar, agogon tasha ya zama shi ne agogon gari. Mutumin da ke ƙarƙashin rufin Auburndale yana cikin na farkon waɗanda minti ya fara mulka. Yana iya makara da minti biyu ya rasa rabin safiyarsa. Ina jin wannan na cikin dalilan da suka sa nauyin ginin ke da daɗi a ido. Komai na rayuwar wannan mutum gudu yake yi, sai ga wuri ɗaya a hanyarsa da ya zauna daram, bai da alamar zai motsa.

Sai lambun. Olmsted ya tsara filin da ke kewaye da tashar, da hanyar keken doki mai lanƙwasa, da ƙananan itatuwa masu jure sanyi da hayaƙi, da masu yaɗo da ke hawa bango, an dasa su cunkus yadda za su tare wa ido tarkacen bakin dogo. Ba a bi salon kwalliyar furanni da ake shukawa a tuge duk shekara ba, an nemi abin da zai yi saiwa ya zauna. Wani labari a nan ya fi burge ni. A tashar Newtonville, kusa da Auburndale, akwai ma'aikaci mai kula da kayan fasinja, E. A. Richardson, wanda suna kawai ya haɗa shi da mai zanen. Shi da kansa ya fara gyara filin tasharsu yana dashe-dashe, ba wanda ya sa shi. Sargent ya lura da aikinsa, daga baya aka ɗora shi a kan lambunan tashoshin kamfanin. Kafin manya su zauna su tsara, wani ƙaramin ma'aikaci ya riga ya ga cewa wurin da mutane ke tsayuwa kullum ya cancanci a shuka masa wani abu. A farkon ƙarni na 20 marubuta kan tsarin birane, irin su Charles Mulford Robinson, suna kafa misali da wannan layi in suna maganar yadda dogo zai iya ƙawata gari.

Rumfa ba ta da wani amfani sai inuwarta, inuwa kuwa kalma ce mai nauyi a bakinmu. In mutum biyu suka ɓata, sai a ce ba sa shan inuwa ɗaya. Ƙungiyoyi kan taru a ƙarƙashin inuwa guda. Makaɗan fada in za su kambama ubangidansu, daga gini da itace suke ɗebo kalmomi, su kira shi bango, su kira shi ginshiƙi, su kira shi gamji, duka abubuwan da ake jingina da su ko a fake a gindinsu. Masu wa'azi kuma in sun zo kan ranar hisabi, da inuwar Al'arshi suke kwaɗaitar da mu. Mutanen da suka san zafin rana ne kaɗai za su ɗauki wannan kalma su kai ta har can.

Amma Bahaushe ya san ba kowace inuwa ce ke da alheri zalla ba. Ya san inuwar bagaruwa, ga sanyi ga ƙaya. Ya san inuwar giginya, na nesa ka sha ta. Dole a faɗi gaskiya kan Auburndale: kamfani ba sadaka ya yi ba. Kyakkyawar tasha tana sayar da fili, fili ya zama gida, gida ya haifi mai yankan tikiti har ƙarshen ransa. A Mayun 1886 kamfanin ya buɗe wani layi da ya zagaya ta cikin Newton ya koma Boston, ya kafa tashoshin Eliot da Waban da Woodland a wuraren da gonaki da daji suka fi gidaje yawa. Rumfa aka fara kafawa, ana jiran kasuwa ta ci. A Waban ta ci, unguwa ta tashi. A Woodland gidajen ba su zo yadda aka zata ba, filin wasan golf ne ya kewaye ta. Waɗanda suka fi shan wannan inuwa masu hali ne, masu iya sayen gida da lambu. Ma'aikacin masaƙa da ke cunkushe a ɗakin haya a birni bai san da ita ba. Duk da haka, da yake rufi ba ya tantance kai, direban keken doki da 'yar aikin gida da ɗan aike sun tsaya a inda maigida ya tsaya, ruwan da bai taɓa shi ba su ma bai taɓa su ba. A ƙasar da kusan komai ke da farashi, wannan ba abin rainawa ba ne.

Richardson bai ga buɗe wancan layi ba. Ciwon ƙoda ya ɗauke shi ranar 27 ga Afrilu 1886, yana da shekara 47. Tasha tara ya zana wa kamfanin. Almajiransa uku, Shepley da Rutan da Coolidge, suka gaji ofishin, suka ƙara 23 a kan salonsa, har zuwa 1894. Salon ya bazu, garuruwa masu nisa suka riƙa gina tashoshi gajeru masu kaurin bango da faɗin rufi, har mutane suka ɗauka haka tasha take tun asali.

Mota ce ta kawo ƙarshen abin. Bayan yaƙin duniya na biyu mazauna unguwannin bayan gari suka koma tuƙa kansu, taragu suka riƙa tafiya rabi babu kowa, kamfanonin dogo suka shiga asara. A 1958 aka rufe reshen da ya ratsa Waban da Eliot da Chestnut Hill, a 1959 aka sake buɗe shi da ƙananan jiragen lantarki, aka rushe yawancin tsofaffin tashoshinsa, wasu don a sami wurin ajiye motoci. Sannan aka zo shigo da babbar hanyar jihar har tsakiyar Boston. Da injiniyoyi suka nemi inda za ta bi, ba su ga wuri mai sauƙi kamar filin dogon ba. Aka rage layuka daga huɗu zuwa biyu, aka shimfiɗa kwalta a sauran, hanyar ta kai cikin birni a 1965. Tashar Auburndale na kan hanya. A farkon shekarun 1960 aka rushe ta, da ita da lambunta, tana da kimanin shekara 80.

Ba ita kaɗai hanyar ta ci ba, kuma ba ita ce babbar asara ba. A West Newton, tazara kaɗan daga nan, akwai tsohuwar unguwar baƙaƙen fata da ta taru a kewayen majami'ar Myrtle Baptist, wadda aka kafa tun 1874. Hanyar ta ratsa ta, aka karɓe gidaje, iyalai suka watse, kuma a wancan zamani ba kowane mai gida a Newton ne zai sayar wa baƙar fata ko ya ba shi haya ba. Wanda zai yi kukan dutse, ya kamata ya fara da kukan waɗannan. Hukunci guda ne ya share su duka, hukuncin da ya auna ƙasa da saurin wanda ke wucewa, ya manta da wanda ke tsaye da wanda ke zaune.

A 1963 aka fara rushe babbar tashar Pennsylvania a New York, kukan da aka yi a kanta ya girgiza ƙasar, kuma a 1966 majalisar Amurka ta kafa dokar kare wuraren tarihi. Ga Auburndale an makara. Cikin tara na Richardson huɗu suka tsira: Palmer, Framingham, Wellesley Hills da Woodland. Ta Palmer da ta Framingham sun zama gidajen cin abinci. Ta Wellesley Hills an sauya mata fuska an mai da ita wurin kasuwanci. Ta Woodland ma'ajiyar kayan aikin filin golf ce. Ina murna da suna tsaye, kuma na san gini in ba a amfani da shi ruɓewa yake yi. Sai dai tsirar tasu da sharaɗi ta zo. An sa musu ƙyaure da makulli, an rubuta lokacin buɗewa, mai shiga sai da kuɗin abinci. Dutsen yana nan, rufin yana nan, amma wanda aka yi su dominsa yana tsaye a waje, a wani dakalin siminti can gefe.

Jirgi bai daina tsayawa a Auburndale ba. Yana kan layin da ke zuwa Framingham da Worcester, mutane na hawansa safe da yamma kamar kakanninsu. Abin da aka bar musu bayan gina hanyar shi ne siririn dakali ɗaya a ƙasan gada, a gefen kwalta mai layi da yawa, inda ƙarar motoci ba ta yankewa, da 'yar mafaka da ba ta ɗaukar mutum nawa. Doguwar matakala ake bi a sauka. Haka aka yi wa West Newton da Newtonville, garin da ya taɓa zama abin misali ya koma da tashoshi uku da mai keken guragu ba ya iya shiga ko ɗaya. A tsohuwar tashar, tsoho mai sanda da uwa mai goyo daga titi suke takowa kai tsaye zuwa bakin jirgi, ƙasa ɗaya ce. Amurka ta kafa dokar haƙƙin naƙasassu a 1990, amma shekaru fiye da talatin bayanta matakalar Auburndale na nan yadda take, mutanen Newton na ta kai kuka wurin hukumar sufuri da 'yan majalisarsu a sake gina tashoshin uku, ana zana taswira, ana lissafin kuɗi, ana ɗagawa.